Tulin Ƙasa Uku A Wusasa

Mun tashi daga Kaduna da sassafe ranar wata Asabar cikin watan Fabrairu na 2024, hunturu bai gama janyewa ba tukuna. Daga Kaduna zuwa Zariya wajen kilomita 80 ne. Kafin a shiga gari sosai, idan an kai Ɗan Magaji, sai a ratse daga babbar hanya, ga Wusasa nan a gindin dutsenta, ga kuma Dutsen Kufena can gaba yana leƙowa ta cikin hazo. Abin da ya kai mu shi ne saƙon da 'yan Zumuntar Mata suka aiko mana, cewa suna taya wata gwauruwa gina gida, mu zo mu gani. Mun ɗauka labarin taimako za mu rubuto muku. Da muka koma gida muka duba littafinmu, sai muka tarar yawancin abin da muka rubuta a kan ƙasa ne.

Yawancin masu karatunmu sun san sunan Wusasa ko da ba su taɓa taka ta ba. Likita Walter Miller na mishan ɗin C.M.S. ya shigo ƙasar Hausa a 1900, ya zauna cikin birnin Zariya tun daga 1905. A 1929 ne aka tashi da mishan daga birni aka dawo nan. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda Miller ya sha wahala ƙwarai a kan juya shi, ya fito cikakke a 1932. A nan kuma Janar Yakubu Gowon ya yi ƙuruciyarsa. Amma mu abin da muka fara nema shi ne tsohuwar masujadar St. Bartholomew, wadda magina Hausawa suka gina da ƙasa a farkon zaman mishan a wurin. Muka shiga wajen ƙarfe goma, rana ta soma zafi a waje, sai muka ji sanyi kamar an shiga inuwar tsamiya. Muka ɗaga kai muna kallon bakan gizo, watau waɗannan gine-gine masu lanƙwasa da su ke riƙe da rufin, azara a ciki, ƙasa a waje. Shekara fiye da 90 ke nan ana sujada a ƙarƙashinsu. Wanda ya ke cewa ginin ƙasa na talaka ne da ba shi da yadda zai yi, ya je ya zauna a nan minti biyar.

Daga masujada aka ja mu a ƙasa zuwa bayan gari ta wajen Kufena, inda sababbin filaye su ke. Filin gwauruwar irin wanda aka saba yankawa ne, ƙafa 50 da ƙafa 100. Mijinta malamin makarantar firamare ne, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu a gidan haya. Ɗan abin da aka biya ta na aikinsa shi ne dukan jarinta, a daidai lokacin kuwa buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa. Idan kuɗin ya ƙare kafin a yi rufi, damina za ta same su a gidan haya, ginin kuma ya sha ruwa a banza.

Muka tarar an riga an haƙa tushe, mata wajen ashirin suna ɗauko ruwa da ciyawa, samari suna cikin rami. Amma abin da ya tsai da mu tun daga bakin fili shi ne tulin ƙasa guda uku, kowane a wurinsa dabam, kamar an kasa kaya a kasuwa. Ɗaya baƙi-baƙi ne, yana can kusurwar baya, mai tsawo kamar kunyar dankali, an lulluɓe shi da karan dawa. Na biyu ja ne wur, yana kusa da inda a ke aiki. Na uku mai tsakuwa ne, yana bakin hanya. Wani dattijo da ɗan sanda a hannu yana zagayawa tsakaninsu, duk yaron da ya turo baro sai ya leƙa ciki kafin ya nuna masa inda zai juye. Aka ce mana wan marigayin ne, magini tun yana saurayi, yanzu ƙarfi ya ja baya, sai ido da baki.

Muka gaishe shi, muka ce, "Baba, sannu da aiki. Ashe ƙasa ma ana tsince ta kamar shinkafa?"

Ya yi dariya ya ce, "'Ya'yana, ku 'yan birni komi ƙasa ne a wurinku. Wannan abinci ce, wannan bango ce, wannan kuwa daɓe. In kun gauraya su kun rasa duka ukun."

Ya kai mu wurin baƙar tukuna. Ita ce fatar sama ta fili, kaurinta bai wuce taƙi ɗaya ba a nan, a wani wuri ma bai kai ba. Cikinta ne ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi da tana su ke, ita ce kuma ta ke ba da hatsi. Ya ce kafin a sa diga, sai da ya sa aka kankare ta da fartanya da shebur daga dukan inda gidan zai zauna, har da inda baro zai riƙa bi. Mun yi lissafin a takarda: wurin gidan ƙafa 40 ne da ƙafa 30, in an kankare inci 6, abin ya haura baro 250. Masu sayar da furanni a Kaduna irin wannan ƙasa su ke saye tifa-tifa. A nan kuwa yawancin masu gini su kan binne ta a ƙarƙashin ɗaki ba su sani ba.

Yadda ya ajiye ta ma abin lura ne. Bai bari tulin ya wuce ƙugun mutum ba, gama in ta yi tudu da yawa ta ƙasan ta kan danne, iska ba ta shiga, sai ta mutu ta yi tsami. Ya hana yara hawa kai, ya hana a bi ta kai da baro. Bai jingina ta da gindin ɗorawar da ke filin ba, ya ce ƙasa in ta rufe wuyan itace ta kan kashe shi sannu a hankali, sai bayan shekara biyu mai gida ya yi ta mamakin abin da ya sami itacensa. Bai kuma zuba ta a kan hanyar ruwa ba. Karan da ya rufa a kai domin iskar hunturu ne da awaki. Ya ce da ruwan farko ya sauka za a shuka wake da kabewa a bisanta, saiwarsu ta riƙe ta har a gama gini.

Jar ƙasar ita ce ta fito daga ramin tushe, bayan an wuce baƙar. A kanta ne aka yi 'yar gardama a gidan, yadda uwargidan ta ba mu labari. Babban ɗanta ya riga ya yi magana da mai tifa ya zo ya kwashe duka, wai fili ya yi tsabta, a sayo bulon siminti kamar kowa. Baba ya ce in tifa ta shigo filin nan shi ya fita. Ya tambayi yaron, in an gama tushe da me za a cika cikin ɗakuna? Yaron ya ce sai a sayo jar ƙasa. Baba ya ce, "Watau ka biya a fitar da taka, ka sāke biya a kawo maka ta wani. Mai tifa kaɗai zai yi maka godiya." Daga baya aka shirya. Tushe na dutse da siminti, da layi uku na bulon siminti a bisa domin ruwa kada ya ci gindin bango. Daga nan zuwa sama bulon ƙasa. Baba ya so a yi tubali irin na dā, wanda a ke mulmulawa da hannu mai kai kamar ƙwai, amma samarin ba su iya jera shi ba, shi kuma ba ya iya hawa bango yanzu. Sai aka sa kafinta ya yi akwatin katako, ana buga bulo mai kusurwa huɗu.

Ba kowace jar ƙasa ce ta ke yin bango ba. In yumɓu ya yi yawa bulon ya kan tsattsage wajen bushewa, in yashi ya yi yawa ya kan marmashe. Baba ya nuna mana yadda ya ke ganewa. Ya ɗebi kaɗan ya jiƙa, ya murza tsakanin tafin hannu har ta yi kamar igiya, ya sake ta tana reto, ya ga inda za ta katse. Sa'an nan ya ɗan taɓa a haƙori domin ya ji yashin. 'Yar gwauruwar, wadda ta ke karatun gine-gine a Zariya, ta ce ita ma tana da nata gwaji. Ta kawo kwalba, ta zuba ƙasa zuwa rabi, ta cika da ruwa, ta sa ɗan gishiri ta girgiza. Yashi ya kan fara kwanciya nan da nan, sa'an nan laka mai laushi, yumɓu kuwa sai can daga baya, har a ga kowane da layinsa. Ta nuna mana wadda ta ajiye tun jiya: yashi da tsakuwa sun fi rabi, yumɓu bai kai sulusi ba. Ta ce ƙasar ta yi. Baba ya ce, "To, kwalba ta yarda da haƙorina, sai a ci gaba da aiki."

Ana jiƙa ƙasar a tattaka ta da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, a sāke tattakawa da yankakkiyar ciyawa, kāna a buga. Bulon ya kan yi wajen mako biyu yana bushewa, ana juya shi. Saboda haka ne a ke wannan aiki da rani. Da muka ga matan suna sauke damman ciyawa, sai ɗaya daga cikinmu ya tuna musu da littafin Fitowa sura 5, inda Fir'auna ya hana a ba Isra'ilawa ciyawar yin tubali, ya ce su nemo da kansu, yawan tubalin kuma kada ya ragu. Shugabar Zumunta ta ce ai su sun fi malaman tauhidi gane wannan sura yau, gama tun asuba su ke yawon neman ciyawa, shanu sun riga su.

Tuli na uku birji ne da marmara, ya fito daga can ƙasa inda aka haƙa rijiya. Wannan na cikon ɗakuna ne da gefen tushe da hanyar shiga. A nan sai mu faɗi laifinmu. Shekarun baya mu ma muna cikin kwamitin da ya gina gidan fasto a Ekklesiyarmu. Domin sauri muka bari leburori suka tura duk abin da ya fito daga rami cikin ɗakuna, baƙa da ja da saiwoyi har da kututture, aka zuba a tashi ɗaya, aka watsa ruwa a sama, aka shafe da siminti. Damina biyu daɓen falo ya zauna a tsakiya kamar kwano, ya tsage, gara ta fito ta tsagar ta cinye ƙafar kabad da rabin littattafan fasto. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da muka ba Baba wannan labari bai yi mana dariya ba. Ya ce baƙar ƙasa tana da abin ruɓa a ciki, in ya ruɓe sai wuri ya buɗe, ita kuma gara abincinta ke nan. Ya nuna mana yadda su ke yi: a zuba birji kaurin inci 6, a yayyafa ruwa ya yi danshi kawai ba caɓi ba, a daddaɓe da madaɓi har sai in an taka sawu bai fito ba, sa'an nan a ƙara wani. Ɗaki ɗaya ya kan ci musu yini biyu. Matan ne su ke daɓen, suna waƙoƙin sujada, madaɓi yana bin waƙa.

Wani abu kuma da ba mu taɓa lura da shi ba sai ran nan: ƙasa in ta fito daga rami ta kan kumbura. Abin da ya fito ya kan fi ramin yawa da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, gama ta saki jiki. Shi ya sa mai gini ya kan ga tuli ya tsorata ya kira tifa, alhali in aka mayar aka daɓe, tulin zai koma kaɗan, har ma ya kasa. Baba kuma bai yarda a tara ƙasa a bakin rami ba. Taki biyu ya ke sa a ja da baya, domin nauyinta kada ya rushe gefen ramin a kan wanda ke ciki.

Da azahar aka kawo dafa-duka da kunun zaƙi, muka zauna a gindin ɗorawa. A nan muka tambayi uwargidan abin da ya fi damunta cikin aikin. Muna tsammani za ta ce kuɗi. Sai ta ce rami.

Wanda ya san tsohon birnin Zariya ko na Kano ya san kududdufi. Kowane kududdufi ramin da aka ɗebi ƙasar gidajen unguwar ne, tun zamanin kakanni. Yana da amfaninsa, gama nan ruwan unguwa ya kan taru da damina, kuma a Kano an ga yadda ambaliya ta ƙaru a unguwannin da aka cike kududdufai aka yi gini a kai. Amma kududdufin unguwa, wanda kowa ya san da shi, dabam ne da ramin da mutum ya haƙa a bayan ɗakinsa ya manta. Ta nuna mana wani fili can gaba kaɗan. Ta ce a watan Agusta na 2022 an bar ramin bulo a buɗe a wurin, ruwa ya cika shi, ciyawa ta rufe bakinsa. Wani yaro ɗan shekara huɗu ya bi ɗan akuya ya faɗa ciki. Allah ya sa wata mata tana dawowa daga gona ta ga ruwan yana motsi, ta shiga da zanenta ta jawo shi. Yaron ya rayu. Ta ce tun ran nan ta yi alkawari ba za a bar rami a filinta ba ko na kwana ɗaya cikin damina, ko da gidan zai tsaya. Ban da haɗarin yara, ga sauro, ga zazzaɓi.

Ƙasar tushe kuwa ba ta isa bulon gida duka ba, dole a ƙara haƙa. Dabarar da suka yi ita ce, ba a haƙa rami don ƙasa kaɗai ba. Duk ramin da aka haƙa, rami ne da gidan ya ke bukata dā ma. Rijiya ta ba da nata, aka ɗaure bakinta aka yi mata murfi mai kwaɗo. Ramin shadda, can nesa da rijiya ta gangare, ya ba da nasa, za a rufe shi da kankare kafin Afrilu. Sai wani ɗan rami marar zurfi a bayan makewayi, wanda za a cika da fasassun bulo da toka da shara, a rufe da baƙar ƙasa, a dasa ayaba ta riƙa shan ruwan wanka. Muka ce wa Baba wannan hikima ce babba. Ya ce ba tasa ba ce, ta matar ƙanensa ce, shi dā a bakin hanya ya so ya haƙa.

Kafin mu tashi mai bishara ya yi addu'a, ya kuma ɗan yi magana a kan Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, wanda bayan ya warke daga kuturta ya roƙi Elisha a ba shi ƙasar Isra'ila kayan alfadari biyu ya tafi da ita gida. Labarin yana cikin 2 Sarakuna sura 5. Ya ce ga babban mutum mai azurfa da zinariya, amma abin da ya roƙa ƙasa ce. Babban ɗan gwauruwar yana sunkuye yana murmushi, ya san inda maganar ta nufa.

Mun sāke komawa a farkon Oktoba na 2024, ruwa yana gab da ɗaukewa. Da ƙyar muka gane filin. Gidan ya sami rufin kwano mai dogon baki, wanda ya fito sosai ya kāre bango daga feshin ruwa. Ɗaki biyu da falo an shafe su, iyalin sun tare tun watan Yuni, ɗaki na uku ba ƙofa tukuna. Ba mu ce komi ya tafi daidai ba. Bangon gabas, inda iskar hadari ta ke bugowa, ruwa ya ɗan zaizaye shi kafin a sami kuɗin shafe, kuma bulo wajen ɗari da aka buga a makare, ruwan farko ya same su a waje ya narkar. Baba ya ce wannan ba hasara ba ce sosai, an mai da su cikin tuli, za a sāke kwaɓawa. Bulon siminti in ya fashe ba a yi masa haka.

Tulin baƙar ƙasa kuwa ba a ganinsa, kabewa da wake sun rufe shi ruf. An riga an ɗebi rabinsa an baza a gaban gida, ga alayyafo da kuɓewa da yakuwa, ga 'ya'yan mangwaro biyu da gwaiba an kewaye su da ƙaya. Filin da ke maƙwabtaka da su, wanda aka fara gini tare, tsakar gidan jar ƙasa ce tsantsa mai tauri kamar kasko, ko ciyawa ba ta fito ba, tulin da suka bari a bakin hanya kuma ruwa ya kwashe shi ya toshe lambatu.

Sauran jar ƙasar tana nan a bayan gida, an rufe ta da tsofaffin kwanoni an danne da duwatsu. Muka tambaya ko ba za a kawar da ita ba yanzu. Uwargidan ta ce a'a, ta ɗakin girki ce da katanga, abin da ya ragu kuma na yaɓen kowace shekara. 'Yan Zumunta sun riga sun sa rana, Asabar ta biyu bayan Kirsimati, in an gama shigar da dawa. Ta sa yara suka yanko mana kabewa uku daga kan tulin, ɗaya sai da mutum biyu suka kama kafin ta shiga mota.